Mai Kwat da Zanen Auta

A duk layin teloli babu wanda ya kama ƙafarsa wajen ɗinkin kwat, shi ya sa sunan ya bi shi har ya danne nasa na asali. Mai Kwat ake ce masa a kasuwa, Mai Kwat a unguwa, matarsa ma in ta so tsokana haka take kiransa. Mutum ne siriri, zaman keke ya ɗan tanƙwara masa baya, kullum tef ɗin awo a wuya, guntun alli a bayan kunne. Ba shi da yawan magana. Amma in ka kuskura ka shiga shagonsa sanye da kwat ɗin kanti, zai bi kafaɗarka da kallo ya ce, "Allah sarki," kuma daga ranar ka daina jin daɗin rigar ke nan.

Shagon ɗan ƙarami ne, teburin yanka ya cinye rabinsa. Keken ɗinki yana bakin ƙofa saboda haske, dutsen guga a kusurwa, sai wata tsohuwar fanka da ƙararta ta fi iskarta yawa. Bangon baya kuwa ƙusoshi ne reras, kowace da tarin takardu a rataye. Maigidan da ya koya masa aiki ne ya hore shi a kan cewa kafin almakashi ya taɓa yadin mutane, sai ya fara bi ta kan takarda. Saboda haka in ya auna mutum, sai ya zana gaban rigar da bayanta da hannu da kwala a takarda mai kauri, ya yanka, ya ɗora a kan yadi ya bi gefen da alli. Wannan takardar ita yake kira samfur. In aiki ya ƙare sai ya huda ta, ya rubuta sunan mai ita a baya, ya rataye. Sauran teloli suna yi masa dariya, suna cewa ɓata lokaci ne, amma in kwat ya gagare su, wurinsa suke turo mai shi a ɓoye.

Wannan ɗabi'a ce ta jawo masa ciwon takarda. Buhun siminti, kwalin kaya, tsohuwar taswira, duk abin da yake da faɗi da kauri, in ya gani sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya taɓa sauke kalandar ɗakin matarsa tun shekara ba ta raba ba, ya fitar da hannun riga daga bayanta. Matar ta ce masa, "Malam, kai ko mutum ne ya tsaya cak a gabanka, juya shi za ka yi ka zana kwala a gadon bayansa." Ya yi murmushi kawai, don a ransa yabo ne.

'Ya'yansa maza sun girma sun watse, babu wanda ya yarda ya zauna a kan keke. Sai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta zo masa bayan furfura ta fara leƙowa. Ita ce take biyowa ta shago in an tashi daga makaranta, ta kawo masa abinci, ta zauna a kan benci tana zura masa zare a allura, don idonsa ya fara yi masa gardama. Shi ya koya mata ɗinkin hannu, irin ƙananan nan da ake bin bakin ramin maɓalli da su, kuma hannunta ya faɗa da wuri. In babu aiki sai ta tsince guntayen alli ta yi ta zane a daɓen shagon. Bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa tsayawa ya duba ba. Abin da yake cewa bai wuce, "Zane dai? To, Allah ya ba da sa'a."

Wata rana malamar zanensu ta ba ta wata babbar takarda mai kauri, ta ce akwai gidan nunin zane-zane a cikin gari da zai rataye aikin 'yan makaranta, ta yi nata ta kawo. Auta ta duƙufa. Ta yi makonni tana fama da fensiran kala, in wani ya matso sai ta rufe da gyale. Gidansu ɗaki biyu ne, ga yaran maƙwabta suna shige da fice, saboda haka da ta gama sai ta ɗauko zanen ta kawo shago. Ta kife shi a kan katakon da ke ƙarƙashin teburin yanka, fuskar a ƙasa saboda datti, a daidai inda mahaifinta yake jibge takardunsa. Ta ce, "Baba, na ajiye abu a nan, don Allah kada ka taɓa." Shi kuwa bakinsa cike da fil, idonsa a kan wata kafaɗa da ta ƙi zama, ya ce, "Uhm."

Bayan 'yan kwanaki wani saurayi ya shigo a gurguje, an kira shi ganawar ɗaukar aiki, yana son kwat kafin ƙarshen mako. Mai Kwat ya auna shi ya sallame shi, ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ba tare da ya duba ba, ya zaro takardar da ke sama. Da ya ji kaurinta har sai da ya ce, "Kai, wannan ta yi." Ya zana gaba, ya zana baya, ya fitar da hannu da kwala, ya sa almakashi. Da yake mutum ne mai tsabta, nan take ya share guntayen da suka zube, mai kwashe shara yana wucewa da kurarsa ya juye masa. Sannan ya shimfiɗa yadi. Hannun riga ɗaya ake yankawa a samfur, in an zana na dama sai a juya takardar a zana na hagu. Da ya juya ta, sai ya ga kala. Ya ga hannun mutum a kan ƙafar keken ɗinki, da babban yatsa mai karkataccen farce. Ya dubi nasa yatsan, ya sake duban takardar.

Ya leƙa waje, mai shara ya daɗe da shan kwana. Ya dawo ya tsaya a gaban tebur. Da zai yi abin da ya dace, da ya ajiye alli ya jira yarinya ta zo. To, yadi a shimfiɗe yake, ga saurayi yana jiran rigarsa, sai ya ƙarasa zanen hannun hagu. Daga nan ya tattara guntayen samfurin, kuma a nan ne halinsa ya ci amanarsa. Ya kasa yarwa, don bai taɓa yar da samfur mai kyau ba, ya kuma kasa ƙonawa, don aikin 'yarsa ne. Kafin ya ankara hannunsa ya riga ya huda su. Ya rataye su a ƙusar ƙarshe, kalar tana kallon bango, ya lulluɓe da wasu tsofaffin takardu.

Da la'asar Auta ta zo. Ta ajiye abinci, ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba, ka ga takardata?"

"Wace takarda?"

Kalma biyu ce, kuma da ta fita ba ta komuwa. Sai ga dattijo ya durƙusa a ƙasa yana taya ta nema. Ya janye kwalaye, ya zazzage buhun ƙyallaye, ya leƙa bayan dutsen guga. Har shagon maƙwabcinsa ya shiga yana tambaya ko iska ta kai musu wata takarda. Da yarinya ta fara kuka, kunya ta juye masa ta zama faɗa, ya ce, "Ke ma dai! Ana ajiye abu mai muhimmanci a shago?" Duk wannan abu, guntayen suna rataye a saman kansu, fanka tana kaɗa gefensu.

Ta ci gaba da kawo abinci tana zama kamar da, fuska a kumbure. Sannan wata rana, ba tare da wani dalili da ya gani ba, ta daina zama. Sai ta yi sallama, ta gaishe shi ido a ƙasa, ta ajiye kwano ta juya. A gida duk abin da ya ce, amsarta "To, Baba." Babu rashin kunya, babu ƙorafi, babu kuma hira. Ya koma zura zarensa da kansa, yana kai allura bakin ƙofa yana laluben ido, wani lokaci sai ya gwada har ya gaji. Ƙusar nan ta ƙarshe kuwa ko kallon gefenta ba ya yi. Matarsa ta tambaye shi abin da ya haɗa shi da 'yar lelensa, ya ce, "Girma ne, haka 'yan mata suke." Ta bi shi da kallo.

Ana haka, ran nan matar ta ce masa an rataye aikin Auta a gidan nan na zane-zane, kuma ranar Asabar ana gayyatar iyaye. Ya ji wani sauƙi a ransa, ya ce ashe ta samu wata takardar ta sake. Amma zuwan ne bai so ba. Ya ce aiki ya yi masa yawa. Ya ce irin wuraren nan na manya ne, masu duban mutum daga sama zuwa ƙasa.

"Manyan da kake auna wa ciki kullum?" in ji matar. "Malam, tashi ka shirya. Yarinyar nan ba ta roƙe ka ba, ni nake roƙonka."

Ya fito da kwat ɗinsa na fita kunya, wanda ya ɗinka wa kansa tun yana saurayi, ya goge shi har ya ɗauki ƙyalli. Suka hau mota su uku, Auta a gefen taga tana kallon titi.

Gidan wani tsohon gini ne da aka yi wa farin fenti, ƙofarsa a buɗe har bango. Mai Kwat ya shirya wa wulaƙanci, ya ma tanadi amsar da zai ba mai gadi. Sai mai gadin ya miƙe da fara'a ya ce, "Sannunku da zuwa, ku shiga, ba a biyan komai. Ruwa yana hannun dama, in Mama ta gaji akwai kujeru a kowane ɗaki." A ciki kuwa babu wani babba mai hura hanci. Iyaye ne cikin kayan gida, mata da goyo, wani tsoho a keken guragu jikansa yana tura shi. An shimfiɗa darduma a tsakiyar zauren, yara sun tuɓe takalma sun baje a kai da fensiran kala, kowa yana ta ɓata takarda, takarda mai kyau kuwa, har hannunsa ya so ya fara ƙaiƙayi ya danne. Wasu hotunan an rataye su ƙasa-ƙasa, daidai idon ƙaramin yaro. Akwai ma wani bango da aka ce a taɓa, yara suna ta shafa shi da tafin hannu. A duk gidan shi kaɗai ne mai kwat, zufa tana bin bayansa, yana tafe kamar wanda ya zo duba haraji.

Auta ta wuce gaba, suka bi ta zuwa ɗakin da aka ware wa 'yan makaranta. Tun daga bakin ƙofa ya tsaya. Bai ga zanen ba tukuna, siffar ya fara ganewa, don ko a cikin duhu ya san yankan hannunsa. Ga gaban riga, ga baya, ga hannu, ga kwala, an jera su yadda suke kafin almakashi ya raba su, an ɗinke su a kan baƙin yadi. Kowane guntu da hudar ƙusa a samansa.

Ƙafafunsa suka kai shi gaban abin ba da son ransa ba. Shagonsa ne. Ga keken a bakin ƙofa, ga fanka, ga ƙusoshin bango da takardunsu, ga bencin da take zama. Ga shi kansa a sunkuye, tef a wuya, hannu a kan keke, har da facin da ke gwiwar wandonsa wanda yake zaton babu mai lura. Duk inda mai shara ya tafi da guntaye, baƙin yadin ne ya leƙo. Mafi girman giɓin yana tsakanin gaba da baya, inda ake ƙwaƙule hammatar riga, kuma a daidai nan fuskarsa take. Mutumin da ke cikin zanen yana da wuya, yana da kafaɗa, ba shi da fuska. Gefen kowane guntu kuwa an bi shi da ƙananan ɗinkin nan na ramin maɓalli, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya fi wani tsawo.

Ashe ta gano su. Ashe tun ranar da ta daina zama a shago ta sani. Yana can yana kauda kai daga ƙusa, ƙusar ta daɗe babu komai a ƙarƙashin tsofaffin takardun. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, ya ji da ƙasa za ta buɗe da ya gode mata.

Mai kula da gidan ta iso, wata mata mai fara'a da ɗigon fenti a hannun rigarta, yara uku suna biye da ita. Ta dafa kafaɗar Auta ta dube shi.

"Kai ne Baban? Kai, sannu da zuwa! Tun safe wannan ne ya fi tara mutane. Na tambaye ta wa ya yanka mata takarda haka sumul, ta ce babanta ne, tela ne. Na ce lallai sai na ga wannan uba. Iyaye da yawa ko duba aikin yaransu ba sa yi, kai kuwa har ka sa hannu."

Wasu iyaye da ke kusa suka juyo suna murmushi, wani ya miƙo masa hannu suka gaisa. Da zaginsa matar ta yi, da ya fi samun inda zai sa kansa. Sai ɗaya daga cikin yaran, wata 'yar mitsitsiya mai giɓi, ta nuna baƙin wurin da yatsa ta ce, "To ina fuskarsa?"

Mai kula da gidan ta durƙusa daidai tsawon yarinyar ta ce, "Tambaya mai kyau. Ga mai fuskar nan a tsaye, bari mu ji daga bakinsa. Baba, me ya sa aka cire ta?"

Ya dubi matarsa neman agaji, ya ga ita ba zanen take kallo ba, shi take kallo, kuma a nan ya tuna inda ya san baƙin yadin nan: tsohon zanen ɗaurawarta ne na ƙasan akwati. Ita ce ta cece shi, ko da yake ba don shi ta yi ba. Ta kama hannun mai kula da gidan ta ce, "'Yar'uwa, zo ki nuna min bangon nan da ake taɓawa, tun ɗazu raina yake wurin." Mai kula da gidan mace ce mai hankali, ta dubi uba ta dubi 'ya, ta tattara yaran suka fita.

Suka rage su biyu a gaban zanen, kowa yana kallon bango. Daga zaure ana jiyo dariyar yara.

"Auta," ya ce. "Ni na yanka."

"Na sani, Baba."

"Ban duba ba ne. Hannu kawai na miƙa."

"Na san wannan ma. Ai na san halinka da takarda, ni ce ban yi tunani ba. Da ka ce min ka yanka, kuka zan yi na kwana biyu ya wuce. Amma ka durƙusa kana taya ni nema, Baba. Ka shiga shagon mutane kana tambaya. Ni kuma ina jin tausayinka, ina cewa na sa tsoho wahala da ciwon gwiwarsa."

Ya zaro hankici ya goge wuya, ya ninke shi, ya sake warewa. Mutumin da ya shekara yana gano aibin rigunan mutane da kallo ɗaya, yau ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Ki yafe min," ya ce.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ya daɗe yana kallon baƙin giɓin, sannan ya ce a hankali, "Ba ki samu wata 'yar takarda kin mayar da fuskar ba? Ai da an lika, da ɗinki ya rufe."

"Na gwada. Malama ta ba ni takarda, na yi ta yi ina yagawa. Ta ƙi fitowa."

"Me ya hana? Ke da kika zana har farcena."

"Wancan lokacin kullum ina zaune a benci ina kallonka," ta ce. "Yanzu na daɗe ban kalle ka ba, Baba. Na manta yadda take."

Wannan maganar ta fi duk sauran shigarsa. Abin da jikinsa ya so shi ne ya sunkuyar da kai, kamar yadda yake yi tun da suka shigo ɗakin. Sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya matsa gefen taga inda haske yake, ya juyo ya fuskance ta. Leɓensa yana rawa, idonsa ya kawo ruwa, kuma ya san duk za ta gani. Ya tsaya a haka bai kauda kai ba.

Auta ta daɗe tana kallon takalmansa. Sannan ta ɗago.